Daga Kaset Zuwa Intanet: Tarihin Taswirar Mota

A 1985, direban da ya sayi na'urar nuna hanya ta Etak a Amurka, kaset ne taswirarsa. Da ya fita yankin da kaset ɗin ya ƙunsa, sai ya zare shi ya zura wani. Na'urar ba ta amfani da tauraron ɗan'adam. Juyawar taya take ƙirgawa, ta haɗa da kamfas, ta gano inda motar take.

Daga baya faifan CD ya ture kaset, intanet kuma ta ture faifai.

Sai taswira ta fara tsegunta wa direba inda aka girke kyamarar kama masu gudu. A 2012 Faransa ta haramta hakan, ta yanka tarar Yuro 1,500. Dole kamfanoni irin su TomTom suka sabunta taswirorinsu na Faransa, suka koma nuna "yankin haɗari" kawai.