Yadda Girkanci Ya Mamaye Sunayen Adon Harshe a Turanci

Duk wanda ya karanci adabin Turanci ya ci karo da metaphor da hyperbole da catachresis, wato siffantawa da kambamawa da ɗora wa kalma aikin da ba nata ba. Babu ɗayansu da ya samo asali a Ingila; duka na Girkawa ne. Aristotle ya yi bayanin siffantawa tun ƙarni na 4 kafin miladiyya, Rumawa suka gada, Quintilian ya tsara su a littafinsa na horar da masu jawabi wajen shekara ta 95 miladiyya. Latin ne ya kai su makarantun Turai.

A ƙarni na 16 aka fara rubuta wannan ilimi da Turanci: Richard Sherry a 1550, Henry Peacham a 1577, dukkansu riƙe da baƙin sunayen. Sai a 1589, littafin da ake danganta wa George Puttenham ya raɗa musu sunayen gida: kambamawa ta zama mai shara ƙarya, catachresis kuwa salon cin zarafin kalma. Sunayen sun yi armashi, amma ba su kama ba. Dalili shi ne Puttenham fadawa da matan fada ya yi wa rubutu, alhali makarantun nahawu na sa yara haddace sunayen Girkanci da Latin, kuma waɗannan yaran ne suka zama malamai da lauyoyi da marubuta.

Wani zai ce sunayen Girkanci sun yi nasara ne don sun fi fayyace ma'ana. Hujjar ba ta da ƙarfi. A bakin Girkawa, metaphora kalma ce ta yau da kullum mai nufin ɗaukar abu daga nan zuwa can. Catachresis ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba: a wurin Quintilian aron kalma ne ga abin da ba shi da suna, amma Turawan baya suka riƙa kiran kuskuren amfani da kalma da ita. Nazarin waƙar Hausa ma shaida ne: kamantawa da jinsintarwa da alamtarwa, sunayen gida ne, sun kuma zauna daram saboda ana koyar da su ana yin jarrabawa a kansu. Aji ne ke raya sunan fanni, kuma shi ne abin da Puttenham ya rasa.