Na'urar sabunta numfashi: Me ya sa ake sa mata ma'auni uku?

Masuncin da ya yi nutso a madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye yakan riƙe numfashinsa ne, kuma da zarar ƙirjinsa ya ɗauki zafi sai ya taso.

Amma mai nutso da na'urar sabunta numfashi, wadda Turawa ke kira rebreather, ba ya samun irin wannan gargaɗi.

Ita dai na'urar tana karɓar iskar da mutum ya fitar, ta tace iskar kabon da ke cikinta da wani sinadari, ta ƙara mata oksijin, sannan ta mayar masa ya sake shaƙa.

Taruwar iskar kabon a jini ce ke sa mutum jin ƙishin numfashi. Tun da an tace ta, oksijin na iya ƙarewa mutum ya suma bai ji komai ba.

Haka kuma idan oksijin ɗin ya yi yawa a cikin zurfin ruwa, yana jawo farfaɗiya.

Masu nutso kan tsayar da matsin oksijin a kan 1.3 a ma'aunin ba. Ƙasa da 0.16 ko sama da 1.6 haɗari ne.

Rinjayen biyu a kan ɗaya

Wani Baturen Ingila, Henry Fleuss, ya ƙera irin wannan na'ura a 1878, amma sai a 1968 aka fito da Electrolung a Amurka, mai auna oksijin da lantarki.

Akasarin na'urorin yau na ɗauke da ma'aunai uku. Idan ɗaya ya saɓa, kwamfutar na'urar takan bi biyun da suka yi daidai da juna.

Sai dai rinjaye ba kullum yake nufin gaskiya ba.

Ma'aunan suna cinyewa kamar batir. Wanda ya tsufa kan nuna oksijin bai kai ba alhali ya wuce kima, sai na'urar ta ci gaba da ƙarawa.

Idan biyu suka tsufa tare, za su rinjayi mai lafiyar.

Shi ya sa ƙwararru ke sauya su duk bayan watanni 12 zuwa 18, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an sayo su a rukuni guda ba.

Zaɓin kayan aiki

Wasu kan zaɓi na'urar da ke zuba oksijin da kanta, wasu kuma wadda mai nutso ke ƙarawa da hannu, domin idonsa ya zauna a kan ma'auni.

Da yawa kan haɗa da wata 'yar fitila a gaban ido, da kuma tukunyar iska ta daban wadda za su koma kanta idan na'urar ta lalace.

Duk da haka ba komai ne ma'aunan oksijin ke gani ba.

A Janairun 2005, Dave Shaw, ɗan Ostareliya, ya mutu a zurfin mita 270 a kogon Boesmansgat da ke Afirka ta Kudu, yana ƙoƙarin ɗauko gawar wani mai nutso.

Bincike ya nuna iskar kabon ce ta taru a jikinsa.