Gida Uku a Gaɓar Teku: Waiwaye kan Rayuwar Indiyawan Durban

Wanda ya bi titin Bellair a birnin Durban na Afirka ta Kudu cikin shekarun 1970 zai tarar da makeken fili da ciyawa ta cinye, ba gida ba kanti. Nan da can zai hangi bishiyar mangwaro a tsaye, ko ɗakin ibadar mabiya addinin Hindu shi kaɗai a kan tudu. Wannan fili shi ne Cato Manor, unguwar da dubban iyalai 'yan asalin Indiya suka haifi 'ya'ya, suka aurar da su, suka ga jikoki, kafin hukuma ta tashe su. Kufai ne mai ɗauke da tarihin mutanen da sau uku suna kafa gida daga tushe a gaɓar teku guda.

Gidan farko: jirgi da bariki

Rake ne mafarin labarin. Turawan Ingila da suka mallaki yankin Natal sun ga ƙasar gaɓar tana karɓar rake, amma Zulu, waɗanda a lokacin ke da gonakinsu da shanunsu, ba su ga dalilin ɗaure kansu da ƙwadago a gonar wani shekara da shekaru ba. Sai aka juya ga Indiya, wadda ita ma tana hannun Ingila. Ranar 16 ga Nuwamba, 1860, jirgin ruwa mai suna Truro ya iso Durban daga Madras da mutum 342. Bayan kwana goma wani jirgin, Belvedere, ya biyo sahu daga Kalkata. Daga nan zuwa 1911, lokacin da aka rufe wannan hanya, mutum 152,184 ne suka sauka a Natal a kan kwantiragin ƙwadago.

Sharaɗin shi ne aikin shekara biyar a hannun ubangida guda, a kan sule goma a wata, ana ƙara sule ɗaya duk shekara, tare da awon shinkafa da wake da busasshen kifi da ɗan mai. Su da kansu suna kiran wannan yarjejeniya girmit. Mafi yawansu daga kudancin Indiya suka fito, masu jin Tamil da Telugu, sauran kuwa daga arewa, masu jin Hindi. Galibinsu Hindu ne, da tsirarun Musulmi da Kirista.

Babbar asarar da suka yi a hanya ita ce dangi. Mutumin da ya tashi a ƙauyen da kowa ya san kakansa, ga shi a cikin jirgi tsakanin baƙi. Waɗanda a gida al'ada ta hana su cin abinci a tukunya ɗaya saboda bambancin asali, teku ta tilasta musu haɗa kwano. Daga nan wani sabon zumunci ya tsiro: waɗanda suka hau jirgi ɗaya suka riƙa kiran juna jahaji bhai, wato 'yan'uwan jirgi. Su ne ke tsaya wa mutum ranar aurensa, su ne ke ɗaukar gawarsa.

Kafa iyali a bariki abu ne mai wuya. Mata ba su wuce kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka zo ba, ɗakuna ƙanana ne, aiki kuma daga fitowar rana ne zuwa faɗuwarta. Duk da haka an yi aure, sau da yawa tsakanin mutanen da a Indiya ko gaisawa ba za su yi ba. Bikin da ya fi haɗa kan mazauna bariki a wancan zamani shi ne na watan Muharram, domin a lokacinsa ne iyayen gida ke ba da hutu. Hindu da Musulmi kan ƙera tazia, siffar hubbaren Husaini ta gora da takarda mai launi, su ɗauke ta da kiɗa har bakin kogin Umgeni.

Gida na biyu: lambu, koma da kanti

Da wa'adi ya cika, wasu sun koma Indiya, amma da yawa sun zauna. Suka yi hayar filaye a fadamun da ke kewaye da birni, irin su Clairwood, Springfield, Riverside da Cato Manor, suka shiga noman lambu. Ba da jimawa ba kayan miya da 'ya'yan itacen da Durban ke ci suka zama daga hannunsu suke fitowa. Tun kafin asuba ake ɗora kwanduna a amalanken doki a nufi kasuwa, mata kuma su bi gida gida suna talla. Wasu suka kama sana'ar su a tsibirin Salisbury da ke cikin tashar jiragen ruwa, suna jan koma daga bakin teku. Da kogin Umgeni ya yi ambaliya a watan Oktoba na 1917 ya malale bukkokin manoman Springfield, masunta shida ƙarƙashin jagorancin Mariemuthoo Padavatan ne suka shiga ruwan da kwalekwalensu suka ceto mutum 176.

A wannan zamani ne gidan gandu ya dawo. Suna kiransa kutum: uba da uwa, da 'ya'yansu maza da matansu da jikoki, duk a gida ɗaya na katako da kwano. In ɗa ya yi aure sai a ƙara ɗaki a gefe. Tukunya ɗaya ce, aljihu ma kusan ɗaya ne, domin kowa na kawo abin da ya samu ga babban gida. Uwar miji ce ke riƙe da ragamar madafa, faccaloli suna karɓa karɓa wajen girki, kaka kuma ita ce makarantar farko ta harshe da addini. Masaniyar zamantakewa Fatima Meer, haifaffiyar Durban, ta bayyana wannan tsari a littafinta na 1969 kan Indiyawan Afirka ta Kudu. Zama ne mai nauyi a kan amarya, wadda kan shigo da ƙuruciya ta tarar da masu iko da ita da yawa. Amma shi ne ya riƙe maraya da gwauruwa da wanda aiki ya kuɓuce masa, a ƙasar da hukuma ba ta damu da halin da suke ciki ba.

Tun daga shekarun 1870 wani rukuni dabam ya fara isowa: 'yan kasuwa daga Gujarat, yawancinsu Musulmi, waɗanda suka biya kuɗin jirgi da kansu. Suka buɗe kantuna a titin Grey da kewayensa, kanti a ƙasa, iyali a saman bene. A 1881 Aboobaker Amod Jhaveri da Hajee Mahomed Hajee Dada suka sayi filin da aka gina masallacin Juma'a na titin Grey, wanda ya bunƙasa ya zama ɗaya daga cikin manyan masallatan kudancin Afirka. A 1895 wani malamin addini mai suna Soofie Saheb ya iso ya sauka a Riverside, ya gina masallaci da makarantar addini da gidan marayu, yana ciyar da duk wanda ya zo ba tare da tambayar addininsa ba. Wannan unguwa ta titin Grey ce ta karɓi wani yaro ɗan shekara tara da ya zo wurin mahaifinsa tela a 1927, wato Ahmed Deedat, wanda daga baya kaset-kaset na muhawarorinsa suka shiga gidaje da yawa a ƙasar Hausa.

Ɗaya daga cikin waɗannan 'yan kasuwa, Dada Abdulla, shi ya ɗauko matashin lauya Mohandas Gandhi a 1893 don wata shari'a. Duniya ta san abin da ya biyo baya, amma ba kowa ya lura cewa batun iyali ne ya hura wutar gwagwarmayar 1913 ba. Harajin fam uku a shekara da aka ɗora wa waɗanda suka gama kwantiragi suka ƙi komawa Indiya yana hawa kan miji da mata da 'ya'yan da suka tasa. Sannan wata kotu ta yanke hukuncin da ya zubar da darajar auren da aka ɗaura bisa Musulunci ko Hindu, abin da ke nufin matan gida ba mata ba ne a idon doka. Mata suka fito, aka ɗaure wasu, dubban ma'aikatan ma'adinin kwal da gonakin rake suka ajiye aiki. A 1914 aka soke harajin.

Da yake hukuma ba ta gina wa 'ya'yan Indiyawa isassun makarantu ba, sai suka gina da kansu. Unguwa kan yi karo-karo, wani ya ba da fili, wani bulo, wani ƙarfinsa, sannan a nemi gwamnati ta cika. Kwalejin Sastri ta buɗe a 1929. M. L. Sultan, wanda ya zo a kan kwantiragi a 1890 ya yi dako a tashar jirgin ƙasa, shi ne daga baya ya ba da dukiyar da aka kafa kwalejin koyon sana'a mai ɗauke da sunansa. Zuwa tsakiyar ƙarni, rayuwa ta zauna da gindinta: cefane a kasuwar titin Victoria da aka buɗe a 1910, fim ɗin Indiya a silimar Shah Jehan ko Avalon, ƙwallo a filin Curries Fountain. A nan ne aka san bunny chow, burodin da ake raraƙe cikinsa a zuba miya mai yaji, abincin ma'aikaci da ba ya buƙatar faranti ko cokali.

Rushewa

Wannan zama bai rasa tabo ba. A Cato Manor, Indiyawa masu filaye suna ba baƙaƙen fata hayar wurin kafa bukkoki, su ne kuma masu kantuna da motocin haya. Tsarin mulkin Turawa ya jera mutane hawa hawa, ya bar na ƙasa suna kallon juna da ƙullaci. Ranar 13 ga Janairu, 1949, saɓani tsakanin wani mai kanti Ba'indiye da wani yaro baƙar fata kusa da kasuwa ya rikiɗe ya zama tarzoma. Mutum 142 suka mutu, cikinsu 87 baƙaƙen fata, 50 Indiyawa. Hakan ya faru ne ƙasa da shekara biyu bayan likitoci uku, Xuma da Naicker da Dadoo, sun sa hannu a kan yarjejeniyar haɗa kan al'ummomin biyu.

Shekara guda bayan haka gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar raba unguwanni. A 1958 aka ayyana Cato Manor a matsayin yankin fararen fata. Riverside ma ta tafi, haka Barikin Magazine inda ma'aikatan hukumar birni suka zauna tun ƙarni na 19. Aka biya diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, aka kwashe mutane a manyan motoci.

Gida na uku: Chatsworth da Phoenix

An buɗe Chatsworth a 1964, kimanin kilomita 20 kudu maso yamma da tsakiyar birni, a kan gonakin ayaba da aka karɓe daga hannun manoma Indiyawa. Phoenix ta biyo baya a 1976 daga arewa. Gidajen iri ɗaya ne, ƙanana, a manne da juna, an zana su ne don miji da mata da 'ya'yansu kawai. Unguwanni da tituna lamba aka ba su. Gandun da ya taru a tukunya ɗaya sai aka rarraba shi: wannan ɗa a unguwa ta biyu, wancan a ta bakwai, tsohuwa kuma ta zaɓi wanda za ta bi. Masunci ya wayi gari nesa da teku, mai lambu ba shi da ko taki goma na ƙasa.

Kuɗin haya da na wuta da na mota suka fitar da mata zuwa masana'antun ɗinki na Clairwood da Mobeni. Albashin ya ba su murya a gida da iyayensu ba su samu ba, ya kuma sa 'ya'ya mata da yawa a makaranta. Amma rabuwa da kaka ya gaggauta abin da makarantar boko ta fara: cikin tsara biyu Turanci ya zama harshen gida, Tamil da Telugu da Hindi da Gujarati da Urdu suka koma harsunan addu'a da waƙa da sunayen abinci. Hatta girki ya koma takarda. A 1961 wata ƙungiyar mata a Durban ta fitar da littafin girke-girke mai suna Indian Delights ƙarƙashin kulawar Zuleikha Mayat. Ya zama kyautar da ake sa wa amarya a kaya, kuɗinsa kuma ya ɗauki nauyin karatun ɗalibai masu yawa. A wannan shekarar ce, bayan ƙarni guda da zuwansu, gwamnati ta yarda cewa Indiyawa 'yan ƙasa ne na dindindin.

Hali zanen dutse. Da zarar iyali sun samu sarari sai su gina ɗaki a bayan gida don ɗan da ya yi aure, gandu ya sake haɗuwa a ƙaramin fili. Aka sake karo-karo, aka gina masallatai da ɗakunan ibada da makarantu. Aka dasa ganyen kori da mangwaro a bakin ƙofa.

Bayan 1994 shingen doka ya faɗi. Masu hali suka koma unguwannin da a da aka hana su, wasu 'ya'yan suka tafi Johannesburg ko Ostareliya, titin Grey ya koma titin Dakta Yusuf Dadoo, sababbin baƙi daga Pakistan da Bangladesh suka buɗe kantuna a cikinsa. Ƙidayar 2011 ta nuna Indiyawa fiye da rabin miliyan a Durban da kewaye. Talauci da shaye-shaye sun addabi wasu sassan Chatsworth da Phoenix, tsohon miki kuma bai warke ba: a tarzomar Yulin 2021 an kashe mutum 36 a Phoenix, galibinsu baƙaƙen fata. Ginin da ya rage wa jikokin 'yan girmit shi ne na amana tsakaninsu da maƙwabtan da wariya ta jera su gaba da gaba.

Cato Manor ta sake cika da mutane, yawancinsu baƙaƙen fata, ɗakunan ibadar nan kuma suna nan a inda suke. Duk shekara, lokacin bikin taka garwashi a wurin ibadar da ke tsohon titin Bellair, iyalai kan zo daga Chatsworth da Phoenix da manyan tukwane a bayan mota, su dafa su raba wa duk wanda ya halarta. A irin wannan rana ce tsoho kan kama hannun jikansa, ya nuna masa wani tudu da yanzu gidajen wasu ke kai, ya ce masa a nan aka haife shi.