Tarihin Kama Wuri Kafin Isowa

Duk wanda ya yi nazarin tarihin tafiye-tafiye a ƙasar Zamfara zai tarar cewa al'adar kama wuri tun kafin a isa ta girmi jirgi da mota, domin kuwa fataken da suka riƙa ratsa wannan ƙasa da rani, suna bi ta Jega zuwa Gwanja fataucin goro, ba su taɓa ɗaukar zango abin da ake samu bisa katari ba. Madugu yana da jagaba wanda ke shigewa gaba ya duba ruwa da wurin sauka, kowane falke kuma yana da fatomansa a birni, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa haja, ya nemo masa dillali. Abin da ke riƙe wa baƙo wuri a wancan zamani shi ne sanayya da amana, waɗanda ɗa ke gada wurin uba.

Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, har ta tuƙe a Ƙauran Namoda cikin shekarar 1929, sai wani sabon hukunci ya shigo Gusau, garin Malam Sambo ɗan Ashafa, watau tikiti da ƙayyadadden lokaci. Jirgi bai san sarki ba, bai san malami ba, wanda ya makara kuwa sai ya jira wani. Da kaka, lokacin da auduga da gyaɗa ke kwararowa daga Bunguɗu da Kwatarkwashi da ƙauyukan kewaye, tasha takan cika maƙil, har mutanen Sabon Gari da Tudun Wada suka fahimci cewa da sanyin safiya ake kama fara.

Amma inda al'amarin ya fi bayyana shi ne aikin Hajji. Kakanninmu sukan kama hanyar gabas a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru suna noma da ƙodago a Sudan don neman guzuri, ba wanda ya tambaye su ranar isowa. Da jirgin sama ya fara ɗibar alhazai daga Kano a shekarun 1950, sai kalmar kujera ta shiga bakin jama'a. Da ƙasashen Musulmi kuma suka daidaita a ƙarshen shekarun 1980 cewa kowace ƙasa za ta sami gurbin alhaji dubu ɗaya bisa kowane Musulmi miliyan ɗaya, sai ya zamana maniyyaci yana ajiye kuɗin kujera watanni kafin Zulhajji. A yau Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ke raba wa jihohi kujeru, har da Zamfara da aka ƙirƙira a 1996.

Yanzu hukuncin ya kai ga ziyara kanta. Mai son shiga Rauda a Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya nemi izini da sa'a ta manhajar Nusuk. Haka nan manyan gidajen tarihi na duniya: gidan Louvre na birnin Faris, wanda ke karɓar maziyarta kusan miliyan 9 a shekara, ya taƙaita masu shiga zuwa 30,000 a yini, saboda haka mai zuwa lokacin hutun bazara ba tare da ya kama tikiti ta intanet ba yana iya ƙarewa a bakin ƙofa. Gidan Makama na Kano da Hubbaren Shehu a Sakkwato ba su kai ga wannan takura ba, sai dai mai hankali yakan tambayi ranaku da lokutan buɗewa.

To, hukuncin a fili yake: inda cunkoso ya tabbata, tanadi wajibi ne, tawakkali kuma bai taɓa kore riƙo da sababi ba. Abin lura shi ne, da can ƙofa na buɗuwa ga wanda aka sani, yau kuwa ga wanda ya iya sarrafa waya, dattijon ƙauye kuwa sau da yawa bai iya ba. Saboda haka ya kamata malaman bita su sanya wannan ilmi cikin abin da suke koya wa maniyyata tare da hukunce-hukuncen ihrami da ɗawafi, matasa kuma su ɗauki nauyin kama wa iyayensu wuri tun suna gida.