Afrilun Chemin des Dames: sanyin da ya ci mazan jiya, da shirin mai zuwa ziyara

Da yawa daga cikinmu malaman makaranta mun saba fassara wa ɗalibai kalmar «printemps» da «bazara». Fassarar ta yi daidai ta fuskar kalanda, amma tana iya yaudarar matafiyi. Afrilu a Maraɗi ko Damagaram wata ne na tsananin zafi, inda ma'auni kan wuce digiri 40, mutane na kwana a tsakar gida. Afrilu a arewacin Faransa kuwa wata ne marar alƙawari: rana ta fito da hantsi, kafin azahar ruwa ya sauko, wani lokaci har da ƙanƙara, da asuba kuma a tarar raɓa ta daskare bisa ciyawa. Faransawa da kansu suna da karin magana mai gargaɗin kada a yi gaggawar tuɓe rigar sanyi a wannan wata. Ƙungiya ko malamin da ke shirin ziyarar kaburburan sojojin Afirka a can ya kamata ya san wannan, domin lafiyar jikinsa, kuma domin sanyin nan da kansa wani babi ne na tarihin waɗanda ke kwance a wurin.

Faransa ta kafa rundunar da ta kira «tirailleurs sénégalais» a 1857, zamanin gwamna Faidherbe. Sunan Sanagal ya bi ta, amma sojojinta daga duk yankunan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa aka ɗebo su, har da ƙasarmu, wadda a lokacin yaƙin 1914-1918 yanki ce ta mulkin soja mai hedikwata a Damagaram. A 1910 hafsan nan Charles Mangin ya wallafa littafinsa La Force noire, inda ya nuna cewa Afirka rumbun sojoji ce da Faransa za ta iya buɗewa ranar da ta kara da Jamus. Da yaƙi ya tashi, haka aka yi, kuma kimanin 30,000 daga cikin waɗannan samari ba su sake ganin gida ba.

Tun hunturun farko hukumar soja ta gane cewa sanyin Turai na kashe su kamar harsashi. Saboda haka ta tsara janye su daga bakin daga idan hunturu ya kama, a kai su sansanonin kudu, musamman Fréjus da Saint-Raphaël. Ko a can ba duka suka tsira ba. A sansanin Courneau, kusa da Arcachon, fiye da 900 suka rasu tsakanin 1916 da 1917, mafi yawa da ciwon huhu, ba tare da abokin gaba ya harbe su ba.

A farkon 1917 Janar Nivelle, babban kwamandan sojojin Faransa, ya yi alƙawarin fasa layin Jamusawa cikin kwana ɗaya ko biyu a Chemin des Dames. Wurin wani dogon tudu ne a jihar Aisne, kudu da birnin Laon, wanda hanya mai tsawon kilomita kusan 30 ke bi ta bisansa. Jamusawa sun riƙe shi tun 1914, sun kuma mai da tsoffin ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashinsa mafaka wadda igwa ba ta iya rusawa. Mangin ne ke jagorantar runduna ta 6, kuma ya sa aka dawo da sojojin Afirka daga kudu tun sanyi bai gama wucewa ba. Kalanda ta ce hunturu ya ƙare, sama kuwa ba ta yarda ba.

Ranar 16 ga Afrilu 1917, da ƙarfe 6 na safe, aka ba da umurnin farmaki. Sojojin sun kwana cikin ramuka masu laka, ana ruwa haɗe da dusar ƙanƙara. Da yawa ƙafafunsu sun kumbura, yatsunsu sun sandare har riƙe bindiga ya zame musu aiki. A haka suka tunkari hawan tudun wajen Hurtebise da Laffaux, Jamusawa na fitowa daga kogunansu suna yi musu ruwan harsashi. Cikin ƴan kwanaki dubbai suka faɗi, wasu matattu, wasu raunanu, wasu kuma aka kwashe su ƙafafu a daskare. An sauke Mangin daga muƙaminsa, ranar 15 ga Mayu Pétain ya gaji Nivelle, bore ya bazu cikin rundunar Faransa. A watan Yuni Blaise Diagne, ɗan majalisa mai wakiltar Sanagal, ya tsaya gaban majalisar dokoki ya yi tir da yadda aka tura ƴan Afirka cikin wannan sanyi.

Yau mai ziyara zai sauka Laon daga Paris ta jirgin ƙasa, sannan ya nemi mota zuwa tudun. A Cerny-en-Laonnois akwai maƙabartar Faransawa da ta Jamusawa daf da juna. A maƙabartun Faransa ana gane kabarin musulmi da dutsensa mai lanƙwasar baka a sama, maimakon gicciye. A Caverne du Dragon, ɗaya daga cikin kogunan nan da aka mai da gidan tarihi, ana shiga ƙarƙashin ƙasa inda ma'auni ke tsaye wajen digiri 12 rani da damina. Kusa da shi aka kafa dogayen gumakan itace na mai sassaƙa Christian Lapie a 2007, domin tunawa da sojojin Afirka. Duk ranar 16 ga Afrilu kuma mutane kan yi tattaki da asuba a wajen Craonne, ƙauyen da yaƙin ya shafe.

Riga-kafi ya fi magani. Tudun fili ne fetal, iska na kaɗawa ba abin tare ta, mafaka kuma ba ta da yawa. Maimakon babbar riga guda mai nauyi, a sa tufafi hawa-hawa: ta ciki mai ɗumi, rigar sanyi, sannan rigar ruwa mai hula, ta yadda za a rage ko a ƙara gwargwadon sauyin sama. Lema ba ta jure iskar wurin. A nemi takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, da safa ta canji, domin lakar da ta wahalar da mazan jiya tana nan. A duba hasashen yanayi da safiyar ranar, a ajiye gidan tarihi a matsayin mafaka idan ruwa ya sauko. Kada a bar yara su kauce hanya ko su taɓa ƙarfen da suka gani a gona, domin har yanzu ƙasar na fitar da harsasan igwa da ba su fashe ba. Masu salla su lura cewa a tsakiyar Afrilu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 da rabi.

Shiri mafi muhimmanci kuwa tun daga gida ake fara shi. Ma'aikatar sojan Faransa ta zuba takardun waɗanda suka mutu a yaƙin cikin shafinta na intanet mai suna Mémoire des hommes, kuma galibi takarda kan nuna inda aka haifi soja da ranar mutuwarsa. Aikin na buƙatar haƙuri, saboda magatakardan lokacin sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji. Malami zai iya sa ɗalibai su nemo sunayen ƴan yankinsu, su tambayi tsofaffin gari, sannan masu tafiya su riƙa takardar su karanta ta a bakin kaburbura.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ya tsaya bisa wannan tudu da safiyar Afrilu, cikin rigunansa uku, ya ji yatsunsa na ƙin lanƙwasa bayan minti ashirin, zai fahimci abin da saurayin da ya taso cikin zafin bazarar Sahel ya haɗu da shi bayan kwana cikin laka. Sai ya yi musu addu'a da saninsa. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa mu riƙe sunayensu.