Raunin da ke Gindi: Nazari Kan Zaftarewar Dusar Ƙanƙara a Farkon Hunturu

A tsaunukan jihar Kolorado ta Amurka, dusar ƙanƙara ta farko kan sauka tun watan Oktoba ko Nuwamba, ta rufe gangare da kaurin da wani lokaci bai kai gwiwa ba. Daga nan sai gari ya washe, a yi makonni ba a ƙara ganin ta ba. Mai hange daga nesa zai ɗauka wannan 'yar dusar ba abin tsoro ba ce. Amma a cikin waɗannan makonnin na sanyi da sarari ne haɗarin da zai yi ta cin rayuka har Fabrairu yake ƙulluwa.

Asalin matsalar bambancin zafi ne. Ƙasar da dusa ta rufe takan tsaya kusan digiri 0 na ma'aunin Selshiyas, alhali saman dusar da dare yakan sauka zuwa digiri 15 ƙasa da sifili ko fiye. Masana sun gano cewa idan bambancin ya kai digiri 10 a kowace mita ta kauri, tururin ruwa kan riƙa tashi daga gindi zuwa sama yana sauya siffar ƙwayoyin dusar. To, a dusa mai kaurin rabin mita, wancan bambancin ya ninka abin da ake buƙata sau uku. Ƙwayoyin sai su girma, su yi kusurwoyi, su daina manne wa juna. Ɗebo su a tafin hannu ka matse, ba za su dunƙulu ba, zubewa za su yi ta tsakanin yatsu. Shi ya sa masu hawan tsauni ke ce musu dusar sukari.

Sai Disamba ta zo da dusa mai yawa, iska ta kwashe ta ta jibge a gefen tudu, ta daskare ta zama falle ɗaya mai tauri a kan wannan sukarin. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya gindin. Wanda ke wurin yakan ji wata ƙara mai zurfi a ƙarƙashin ƙafarsa, dusar ta ɗan nutse, tsaga ta ruga gaba cikin ƙiftawar ido. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne karyewar na iya somawa daga shimfiɗaɗɗen fili, ta yi tafiya ta ƙarƙashi, ta ɓalle gangaren da ke saman mutumin. Gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, musamman wanda ke fuskantar arewa inda rana ba ta cika kai wa ba, shi ne ya fi zaftarewa.

Hunturun 2020 zuwa 2021 ya nuna haka ƙarara. Dusar farko ta yi ƙaranci, raunin ya kwanta a faɗin yammacin Amurka, mutum 37 suka rasu a zaftarewar dusa a ƙasar, 12 daga cikinsu a Kolorado. A tsaunukan bakin teku kuwa, irin na jihar Washintan, dusa kan sauka da kauri, sanyin kuma bai kai haka tsanani ba, don haka galibi haɗarin kan lafa kwanaki kaɗan bayan guguwa. Amma raunin gindi irin na Kolorado yakan yi makonni, har watanni.

A Siwizalan, inda aka soma binciken dusa a tsaunin da ke saman garin Dabos a 1936, suna kiran wannan yanayi matsalar tsohuwar dusa. Tun 1993 ƙasashen Turai ke auna haɗarin da mataki biyar, kuma mafi yawan mace-mace a mataki na 3 suke faruwa, lokacin da gangare ke jan ido, mutane kuma na ganin ana iya gwadawa. A ganina nan ne sanarwar matakin haɗari da ake fitarwa kullum ke da iyaka: lamba ɗaya ba ta gaya wa mai zamiya a kan dusa cewa sawun mutum goma da suka wuce lafiya ba shaida ba ne cewa gangaren ba zai zaftare ba, domin na sha ɗaya na iya taka inda fallen ya fi siriri.

Idan dusa ta binne mutum, wanda aka tono cikin minti 15 yakan rayu, fiye da kashi 90 cikin 100. Bayan minti 35 kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Saboda haka ake son kowa ya ɗauki na'urar gano wanda dusa ta binne, da doguwar sandar lalube, da shebur. Sai dai a farkon hunturu duwatsu da kututtura ba su gama rufuwa ba, don haka wanda dusar ta ja yakan bugu da su tun kafin ta binne shi.