Yadda Kasuwa da Tashar Jirgi Suka Koyar da Harsuna a Arewacin Zamfara

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Zurmi da Shinkafi mahaɗa ce ta Zamfarawa da Gobirawa da Fulani da Buzaye. Fulanin Alibawa, dangin Namoda, jarumin da ya halarci cin Alƙalawa a 1808, zama da auratayya ne suka mayar da Hausa harshen gidajensu. Buzun da ya kawo raƙuma kasuwar Shinkafi ran Alhamis kuwa, a bakin dillali da fatomansa yake tsintar Hausa, domin wanda bai ji ciniki ba shi ake cuta.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, sai Yarabawa da Ibo da Kwarori suka sauka don aikin reluwe da awon gyaɗa da auduga. Ba ajin da suka shiga. Akawu ya koyi Hausa a gindin sikeli, manomi kuma ya riƙe kalmomin baƙi, irin su tasha da tikiti da lebura daga Ingilishi. Ita kanta kalmar akawu daga Yarabanci ta fito.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarabanci, ban da harshensa. Ƙarancin malamai ya daƙile wannan buri. Kasuwa ta fi aji nasara ne saboda a can bukata ke tilasta wa mutum buɗe baki. Saboda haka ma'aikacin da aka tura baƙuwar ƙasa, in ya tsare a ofis da gidan gwamnati, sai ta bakin tafinta zai san talakawan da yake yi wa aiki.